Na Fara da Mutuwar Pavese, Na Zalunci Littattafansa

Na daɗe ina gabatar wa matasa masu son adabi marubucin Italiya Cesare Pavese ta hanyar da ba ta dace ba. Da zarar an ambaci sunansa, sai in fara da yadda ya kashe kansa a ɗakin wani otal a Turin cikin watan Agustan 1950, wata biyu bayan ya lashe kyautar adabi ta Strega, bayan kuma soyayyarsa da wata 'yar fim Ba'amurkiya ta watse. Daga nan sai in yanke hukunci cewa rubutunsa duka kukan mutum ɗaya ne da ciwon zuciyarsa. Alhali abin da na karanta nasa bai wuce littafin da yake ajiye sirrinsa a ciki ba, wanda aka buga a 1952, sai 'yan waƙoƙinsa na ƙarshe. Da yawa cikin waɗanda suka saurare ni ba su ƙara waiwayarsa ba, kuma alhakin yana wuyana.

La luna e i falò, labarinsa na ƙarshe, shi ya tona mini asiri. Jarumin labarin, Anguilla, ɗan tsintuwa ne. Wasu talakawan ƙauye a tuddan Langhe suka raine shi saboda 'yan kuɗin da asibiti ke biyan mai riƙon irinsa. Ya tafi Amurka, ya yi arziki, ya dawo bayan yaƙin duniya na biyu yana neman tushensa. A gidan da ya tashi ya tarar da Valino, mai noma gonar wata attajira ana raba amfanin. Yunwa ta mayar da Valino mai dukan matan gidansa da gurgun ɗansa, Cinto. Wata rana ya halaka matan, ya cinna wa gidan wuta, ya rataye kansa, yaron kaɗai ya tsira. Wanda ya rubuta wannan ya san yadda ake auna hatsin talaka a gaban mai gona, ya san abin da ke biyo baya idan rumbu ya ƙare tun kafin kaka. Duk wannan na ɓoye wa matasan nan saboda ban sani ba, na kuma yi magana kamar na sani.

Waƙoƙinsa na farko ma haka suke. Kundinsu, Lavorare stanca, ya fito a 1936, lokacin yana ƙauyen Brancaleone a kudancin Italiya, inda gwamnatin Mussolini ta kora shi. Dogayen baitoci ne masu ba da labari, cike da leburori, manoma, mashaya da matan da talauci ya jefa titi.

Dalilin kuskurena a fili yake. Labarin mutuwar marubuci yana da saurin kama kunne, bayar da shi kuma ba ya buƙatar a zauna a yi karatu. Na ɗauki mai sauƙin, na bar mai nauyin. Ban ce baƙin cikinsa ba ya cikin rubutunsa ba. Yana nan, har a La casa in collina, inda wani malamin makaranta ke ɓuya a kan tudu yayin da abokansa ke yaƙar 'yan fasist, kunya tana cin sa. Amma ko a can, abin da ke damun Pavese shi ne haƙƙin waɗanda suka mutu a kan waɗanda suka rayu.

Yanzu ba na buɗe baki a kan marubucin da ban karanta aikinsa ba. Mai karatu, idan za ka shiga Pavese, fara da labarin Anguilla da Cinto, ka bar zancen otal ɗin Turin sai ka gama.