Daga Daudawa zuwa Tafkin Kainji da Kyamarar Aro

Mu mutanen Daudawa auduga muka sani, da masara, da duwatsu. Ruwan da ya fi ƙarfin idona kafin wannan tafiya shi ne dam ɗin Mairuwa kusa da Funtua. Saboda haka sa'ad da na tsaya a bakin ruwa a Yelwan Yawuri, sai na ji gwiwata ta yi sanyi.

Ba ma tsoron ruwa kaɗai ba. Kyamarar da ke wuyana ta surukina ce, da dogon gilashinta mai jawo nesa kusa, mai milimita 300. Kuɗinta ya fi amfanin gonata na shekara.

Wannan tafki hannun mutum ne ya yi shi. A 1968 aka gama datse Kogin Kwara a Kainji domin wutar lantarki, ruwa ya ja baya wajen kilomita 130, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu da tsibiransu. Tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya hallaka a 1806, tana ƙarƙashin ruwa yau.

Matuƙinmu Basarke ne, dattijo mai ƙarancin magana. Na nemi rigar ceto kafin in shiga, samari suka yi dariya. Ban damu ba, gama kowa ya ji labarin jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021 da ɗimbin mutane. Dattijon ya ce, "Ɗana, kyale su. Akwai kututturan itatuwa a ƙasa tun na gonakin dā."

Hotunan farko duk sun ɓaci. Ga dalili: gilashin da ke ƙara girman abu, yana ƙara girman rawar hannu kuma. Na jingina gwiwar hannu a kan katakon jirgi don in sami ƙarfi, ashe kuskure ne, domin kaɗawar inji tana bin katako ta shiga kyamara. Sai na ce, "Baba, a taimake ni a kashe inji." Na zauna a tsakiyar jirgi, na manne hannuwa a haƙarƙari, na sa ƙiftawar kyamara ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa, ina jira jirgi ya hau igiyar ruwa ya ɗan tsaya kafin in latsa. Nan giginyu suka fito sarai, da bukkokin masunta, da taruna a shanye, sun matsu da juna kamar taku goma ne tsakaninsu, alhali kuwa akwai rata. Da rana ta ɗaga, hazo ya rufe gaɓa, aiki ya ƙare. Mai niyya ya yi sammako.

A wani lungu mata suna wanka da wanki. Su ba su gan ni ba, ni kuwa ina iya ƙirga 'yan kunnensu. Na sauke kyamara. Wanda zai ɗauki fuskar mutum, ya matsa kusa ya yi sallama tukuna.

Muna komowa dattijon ya nuna wani wuri da baki, ruwa ne fetal, ya ce nan kasuwa take ci sa'ad da yake yaro. Ba shi da hotonta ko ɗaya. Sai na tuna da ƙauyukanmu na Faskari da Sabuwa da mutane suka bari saboda 'yan bindiga, har da unguwar da aka haifi mahaifiyata. Na ɗauki ruwan nan haka nan, na nuna masa. Ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ja igiyar inji.