Grasse: Garin da Doka ta Shiga Kwalbar Turare

Tun ina yarinya na ɗauka duk turaren Faransa a birnin Faris ake yin sa, saboda sunan da muke gani a jikin kwalba. Sai da tafiya ta kai ni kudancin ƙasar na gane Faris suna ta tara. Gidan turare na asali shi ne Grasse, wani tsohon gari a kan tudu, tafiyar kamar rabin awa a jirgin ƙasa daga Cannes.

Asalinsa garin majema ne. Duk wanda ya taɓa bi ta wajen marina da majema a Kano ya san abin da hanci ke sha a irin wannan wuri. Warin fatar ne ya sa mutanen Grasse suka fara turara safar hannu ta fata da suke sayar wa masu hannu da shuni. A kwana a tashi ƙamshin ya fi fatar kasuwa, aka jingine jima aka rungumi noman fure. A 2018 hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a tasu cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Na je a watan Satumba, lokacin furen yasmin, wanda da hannu ake tsinkarsa tun da asuba, kafin rana ta ɗaga ta sha ƙamshinsa.

A ɗaya daga cikin tsofaffin masana'antun garin aka zagaya da mu. Mai haɗa turare a can "hanci" suke ce masa. Teburinsa zagaye yake da ƙananan kwalabe ɗaruruwa, hawa-hawa, kowace da sunanta. Na yi zaton gwani irin wannan ba mai ce masa sa ko cire. Ashe akwai: dokar kayan kwalliya ta Tarayyar Turai, mai lamba 1223/2009, wadda ta fara aiki gadan-gadan a 2013, kuma har gobe ana yi mata ƙari.

Matar da ke yi mana bayani ta ba mu misalai. Akwai sinadarin Lyral, mai ƙamshin wani farin fure, da aka daɗe ana zubawa a turare da sabulu. Da aka tabbatar yana jawo wa mutane da yawa ƙaiƙayi da borin fata, aka hana fito da sabon kaya mai ɗauke da shi daga Agustan 2019, aka kwashe ragowar daga kantuna a Agustan 2021. Ɗan'uwansa Lilial ya bi sahu ranar 1 ga Maris 2022, saboda fargabar yana taɓa haihuwa. Hatta wata irin gansakuka da ke fitowa a jikin bishiya, wadda ita ce gishirin tsofaffin turarukan Faransa, ba ta tsira ba. Sai an tace ta an fitar da wasu sinadarai biyu kafin a zuba. Kamfani komai girman sunansa, dole "hancinsa" ya koma teburi ya sake haɗi, ya yi ta gwaji har ƙamshin ya dawo yadda mai saye ya saba da shi.

A kantin masana'antar na ɗauki wani man shafawa na juya bayan kwalinsa. Rubutu ne ƙanana, layi-layi. Ga jerin duk abin da ke ciki, mai yawa a gaba. Ga suna da adireshin wanda zai amsa tambaya idan man ya cutar da wani. Ga lambar rukunin da aka haɗa shi. Ga kuma hoton ɗan gwangwani da murfi a buɗe, an rubuta 12M, wato wata goma sha biyu ke gare shi daga ranar da aka buɗe. Can ƙasa na ga kalmar eugenol, aka ce mini sinadarin da ke cikin kanumfari ne. Na yi dariya, don kanumfarin da muke jefawa a shayi ma sai an sanar da mai saye, ko fatarsa ba ta jituwa da shi. A da, irin waɗannan sinadarai 26 ne doka ta ce a bayyana. A 2023 aka ƙara jerin ya haura 80, aka ba sababbin kaya wa'adin 31 ga Yulin 2026, waɗanda ke kasuwa kuma zuwa Yulin 2028.

Abin yana cin kuɗi. Kowane kaya sai masani ya duba shi ya rubuta rahoton lafiyarsa, a ajiye takardun har shekara goma. Ga sake buga kwali, ga gwaji, kuma tun 2013 an rufe ƙofar gwada kayan kwalliya a jikin dabbobi. Manyan kamfanoni suna da ɗakunan bincike nasu. Ƙananan masu haɗi ne ke jin jiki, har wani kan gwammace ya bar wani turaren ya mutu da ya kashe kuɗin gyara shi. Duk da haka ban ga kanti a rufe ba. Baƙi na ta layi, kowa na saye hankali kwance.

A jirgin komawa Cannes humrar mahaifiyata ce ta faɗo mini a rai: farce, sandal, gajiji, a jiƙa a bar su su tsumu. Wallahi ƙamshinta ba ya jin kunyar shiga Grasse. Amma kwalbarta ba ta magana. Haka man da ake haɗawa a ɗaki ana tallarsa a Instagram da sunan gyaran fata, ba wanda ya san abin da aka dama a ciki, alhali a Turai tun 2001 aka hana sa hydroquinone a man hasken fata.

'Yan'uwana masu haɗa humra da man shafawa, ba sai mun jira hukumar NAFDAC ta ƙwanƙwasa ƙofa ba. A samu 'yar takarda a manna a kwalba, a rubuta abin da ke ciki, da ranar haɗi, da sunan mai haɗin. Ke kuma mai saye, in kin juya kwalba kin ga wayam, ajiye musu abinsu.