Shekarar da Kumbon Japan Ya Dawo Gida

A 2010 ina koyar da kimiyya a wata sakandare. Lokacin sai na je shagon intanet na biya kuɗin awa kafin in samo labarin da zan kai wa ɗalibai. A can na karanta jawabin Shugaba Obama na 15 ga Afrilu, inda ya ce kafin 2025 Amurka za ta tura 'yan sama jannati zuwa ɗaya daga cikin duwatsun da ke yawo a sararin samaniya. Da na faɗa a aji, wani yaro ya ce, "Malam, a ina zai tsaya?" Ya yi tambaya. Irin waɗannan duwatsu ba su da ƙarfin jan da zai riƙe mutum, sai dai ya ɗaure kansa da igiya. Ga tafiyar watanni, ga iska da ruwa da abinci duk a kansa.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai a shekarar shi ne Hayabusa, kumbon Japan marar matuƙi. Ya tashi a 2003, ya sauka kan dutsen Itokawa a 2005, daga nan wahala ta sa shi gaba. Mai ya zube, aka yi makonni ba a jin ɗuriyarsa, injuna suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Injiniyoyi suna ƙasa suka haɗa rabin wannan inji da rabin wancan, kamar yadda bakanike ke yi wa tsohuwar mota, har ya lallaɓo. Ranar 13 ga Yunin 2010 ya saki kwanson samfurinsa a hamadar Ostireliya, shi kuma ya ƙone a sama. Ƙura ce a ciki, ƙwayoyi kusan 1,500 da ido ba ya gani. Wallahi na yi murna kamar da ni aka yi aikin.

Shirin tura mutane kuwa ya yi ta sauya fasali har aka soke shi a 2017. Na'urori suka ci gaba da aikin: kumbon DART ya daki dutsen Dimorphos a 2022 ya sauya masa tafiya, kumbon OSIRIS-REx ya kawo samfuri mai nauyin giram 121 daga dutsen Bennu a 2023. Wannan kumbon yanzu ya nufi Apophis, dutsen da zai gifta kusa da duniya ranar Juma'a, 13 ga Afrilun 2029, har a gan shi da ido daga Afirka. In Allah Ya ja kwana, zan fita bayan gari da jikokina mu kalla.