Daga Kwalta Zuwa Burji: Yawon Keke A Kurmin Monda Da Tsofaffin Garuruwan Bakin Teku

Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilmi, amma da yawa daga cikinmu mazauna Libreville iyakar tafiyarmu daga gida sai kasuwar Mont-Bouët ko ta Nkembo, daga can sai masallaci. In hutu ya zo mu shiga mota mu nufi Oyem ko Bitam, kurmi yana wucewa ta taga kamar majigi. Yaranmu sun san sunan kowace unguwa daga Lalala har Nzeng-Ayong, amma ka tambayi ɗaya daga cikinsu yadda itacen okume yake, sai ya yi zuru. Alhali kuwa kurmi ya rufe fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar Gabon, kuma wani yankinsa yana nan bayan gari, tafiyar hantsi ɗaya a kan keke.

Keken da ake wannan tafiya da shi ba na tsere ba ne irin wanda muka riƙa gani a gasar Amissa Bongo, wadda aka fara a 2006, domin wancan tayarsa siririya ce, kwalta kaɗai ta sani. Na hanyar burji tayarsa ta fi kauri, tana da haƙora, ga giya mai sauƙaƙa hawan tudu, ga birki mai kamawa ko da taɓo ya shafe ƙafar. A Turai da Amurka abin ya zama yayi, har ana ƙera keke musamman dominsa. Mu nan ba sai mun kai can ba. Duk keken da tayarsa ke da faɗi, sarƙarsa ta sha mai, ya wadatar.

Hanya ta farko ita ce ta arewa, wadda ta nufi Cap Estérias, wajen kilomita 30 daga tsakiyar gari. Mu biyar muka bi ta ran wata Lahadi cikin watan Yuli, muka tashi bayan sallar asuba. Sai ka wuce filin jirgin sama na Léon Mba, ka ratsa Okala, ka kai Angondjé, inda babban filin ƙwallon nan yake, wanda aka buga wasan ƙarshe na kofin Afirka a cikinsa a 2012 da 2017. Wanda ya san wurin tun yana yaro zai gaya maka a da duk daji ne da gonakin rogo. Yanzu kuwa gidajen bulo ne da katangu da allunan sayar da fili, kana tuƙi kana kaucewa manyan motocin yashi.

Can gaba sai gidaje su fara ƙaranci, iska ta yi sanyi, itatuwa su haɗe kai a sama. Wannan shi ne kurmin Monda. Turawan Faransa ne suka keɓe shi a 1951, yana da faɗin sama da hekta 10,000. Daga baya aka yi ta yankarsa, masu noma da masu gawayi da masu haƙar yashi kowa yana cin rabonsa. A 2012 gwamnati ta sake killace abin da ya saura, wanda bai cika hekta 7,000 ba, ta sa masa sunan Raponda-Walker.

Wannan suna ya kamata yaranmu su sani. André Raponda-Walker an haife shi a 1871, ya rasu a 1968. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne Bature ɗan Ingila, mahaifiyarsa 'yar gidan sarautar Mpongwe. Shi ne ɗan Gabon na farko da ya zama limamin Katolika, a 1899. Ya yi shekaru yana yawo cikin ƙasa yana tambayar tsofaffi sunayen itatuwa da amfaninsu da tarihin garuruwa, har a 1961 shi da Roger Sillans suka fitar da littafi a kan tsirran Gabon masu amfani, wanda masana ke komawa gare shi har yau.

A bakin kurmin muka nemi izinin masu gadi, muka jingine kekuna muka shiga da ƙafa, don ba kowace turba ake barin keke ya bi ba. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa, inda kuka da tsamiya ke tsaye ɗai-ɗai a fili, sai ya ga abin mamaki a nan. Rana tana sama amma ƙasa duhu-duhu, itace ya miƙe zar ba reshe sai can ƙololuwa, saiwoyin waɗansu sun fito kamar bangon ɗaki. Mai yi mana jagora ya nuna mana okume, ya ɗan ɓanɓaro ƙaron da ya daskare a jikinsa, ƙamshi ya tashi kamar na turaren wuta. Da wannan ƙaro mutanen kurmi ke naɗa fitila tun kafin zuwan kananzir. Katakon okume kuma shi ne arzikin Gabon kafin man fetur, kuma tun 2010 aka hana fitar da gungume waje sai an sarrafa shi a gida.

Daga babbar hanya akwai hanyoyin burji da suka ratse, wata ta nufi Cap Santa Clara, wata ta bi ƙauyukan Malibé. A nan ne keke ke nuna amfaninsa. Ƙasa ja wur, wani wuri tsakuwa, wani wuri gargada mai kaɗa haƙora, wani wuri rairayi mai riƙe taya sai ka sauka ka tura. Mai mota yana rufe gilashi saboda ƙura, shi kuwa mai keke yana jin kukan aku, yana ganin mata da kwando a baya sun fito daga gona, ya yi gaisuwa a amsa masa.

Cap Estérias garin Benga ne, mutanen teku, masunta tun kaka da kakanni, waɗanda danginsu ke zaune a tsibirin Corisco na ƙasar Gini Ikwatoriya. A nan ne kuma makarantar horar da ma'aikatan gandun daji take. Muka iske wani dattijo yana gyaran koma a gindin kwakwa. Na ce, "Baba, sannu da aiki, baƙi ne daga gari." Ya tambayi ko mu su wane ne, da ya ji Hausawa ne sai ya yi dariya ya ce shi dai Bahaushe a bayan teburin kasuwa ya san shi, bai taɓa ganinsa a bakin ruwa da jar ƙura har gira ba. Ya sa aka kawo mana gasasshen kifi da rogo naɗe cikin ganye. Maganarsa wasa ce, amma akwai abin dubawa a cikinta. Maƙwabcin da bai taɓa ganinka a ƙofar gidansa ba, da wuya ya ɗauke ka ɗan gari.

Hanya ta biyu ta gabas ce, kuma ta fi wuya. Daga Libreville zuwa Ntoum wajen kilomita 40 ne a kan babbar hanyar ƙasa, mai cike da manyan motoci, saboda haka gara a ɗora kekuna a mota har can. Daga Ntoum hanya ta gangara kudu zuwa Donguila a bakin kogin Komo, inda 'yan mishan na Katolika suka kafa zango a 1878 a tsakanin Fang. Wato shekara 29 ke nan bayan kafa Libreville kanta, wadda aka zaunar da 'yantattun bayi a cikinta a 1849. Tsohon cocin yana kan tudu yana kallon ruwa, kuma wanda ya tsaya a wurin zai gane cewa a wancan zamani kogi shi ne hanya, kwalekwale shi ne mota.

Daga Ntoum ɗin dai wata hanya ta yi arewa zuwa Cocobeach, fiye da kilomita 80, tafiyar da sai masu ƙwarin gwiwa. A 1911 Faransa ta miƙa wa Jamus wani yanki na arewacin Gabon, har da Cocobeach da Woleu-Ntem, aka haɗa shi da Kamaru. A watan Satumba na 1914 sojan Faransa suka zo ta ruwa suka ƙwace garin, kuma akwai ginin tunawa da waɗanda suka mutu a wannan yaƙi. Wannan tarihi ya shafe mu, domin ta Kamaru kakanninmu fatake suka gangaro Woleu-Ntem tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Da ƙafa suka ratsa kurmi, kaya a ka, suka koyi harshen Fang, suka san sunan kowane rafi da mai gari. Abin kunya ne jikokinsu su zama baƙi a ƙasar da su suka taka da sawunsu.

Ga mai niyyar gwadawa, lokacin da ya dace shi ne rani, daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da sama ke lumshe, zafi ya ragu, hanya ta bushe. Da damina ruwan Libreville yana kusan milimita 3,000 a shekara, ninki uku ko fiye na abin da Kano ke samu, burji ya koma taɓo mai santsi. A tafi da famfo da faci da tiyub na ajiya da ruwan sha isasshe, a riƙe takardar shaida saboda shingen jandarma. A sa riga mai dogon hannu saboda ƙananan ƙudajen nan masu cizo da ake kira furu, a kuma duba inda ake sa ƙafa, don kasar kurmi launinta ɗaya da busasshen ganye. Kada mutum ya tafi shi kaɗai. In an shiga ƙauye a fara da gaida mai gari, kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa, kada a kutsa kurmin da mutanen wurin suka ce na al'adarsu ne. In lokacin salla ya yi a nemi wuri cikin ladabi, ba a taɓa hana mu ba.

Ina kira ga iyaye da malaman makarantun allo da na boko da shugabannin matasa, su shirya wa yara irin wannan fita ko sau ɗaya a hutun rani. Kuɗin da za a kashe bai kai na ɗinkin salla ba. Gari yana ci gaba da matsawa arewa shekara bayan shekara, kuma abin da ya saura na Monda ba zai tsira ba sai in mutanen Libreville sun san shi sun damu da shi, mu ma a cikinsu. Allah Ya kai mu rani lafiya, Ya tsare mu a hanya.