Mil 600 A Motar-Gida, Da Kare Ɗaya Da Kyanwa Biyu

A cikin watan Janairu na shekarar 2023 ne Allah ya nufe ni da wata tafiya a ƙasar Amurka wadda ban taɓa tsammanin zan yi irinta ba. Na je wani gajeren kwas ne na 'yan jarida, da aka gama sai ya rage mini kwana shida kafin ranar jirgi. Wani abokin aiki Ba'amurke ya ce in ina son ganin ƙasa sosai, to, ga surukansa nan za su tashi daga birnin Albuquerque na jihar New Mexico zuwa hamadar Arizona, kuma akwai gurbin mutum ɗaya a motarsu. Abin da bai faɗa mini ba sai da muka isa bakin motar shi ne, gurbin nan kusa da na kare yake.

Bari in fara kwatanta wa mai karatu motar. Tsawonta ƙafa 30 ne, watau kamar babbar safa, amma cikinta gida ne sosai: ga ɗakin kwana a baya, ga madafi da firji, ga makewayi da wurin wanka, ga kuma wani gado a saman kan direba, wanda shi ne ya zama nawa. Tana ɗauke da tankin ruwa mai kyau da tankuna biyu na ƙazantaccen ruwa, waɗanda ba a zubarwa sai a wuraren da aka keɓe. Galibin irin waɗannan motoci a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su. Shan mai kuwa ba a magana, galan ɗaya da ƙyar yake kai ta mil tara.

Masu motar dattijo ne da matarsa, dukansu sun haura saba'in. Sun sayar da gidansu a jihar Minnesota mai tsananin sanyi, suka koma zama a mota ɗungurungum. Sun ce in riƙa kiransu da sunayensu na yanka kamar yadda aka saba a can, amma bakina ya ƙi ɗauka, sai na sa musu Baba da Iya, suka kuwa karɓa da murna. Sauran 'yan gidan su ne wani jan kare mai faɗin kai, da kyanwa biyu, ɗaya baƙa ɗaya mai rodi-rodi.

Ba zan ɓoye ba, ranar farko a takure nake. Mu a wurinmu kare na gadi ne da farauta, iyakarsa tsakar gida ko bakin garke, ba ya hawa shimfiɗa, balle ya shinshini ƙwaryar abinci. Na yi wa Iya bayani a hankali cewa ina bukatar wuri mai tsabta domin salla. Ba ta yi gardama ba. Ta ware mini kofi da faranti nawa na kaina, ta kuma koya wa karen cewa in na shimfiɗa darduma, ya koma ƙarƙashin tebur. Sau biyu kawai ta nuna masa. Ni da na yi shekaru ina fama da 'yan koyon aiki a ofis, abin ya ba ni mamaki ƙwarai.

Kafin mota ta motsa kowace safiya akwai wani aiki da ba a tsallakewa, shi ne ƙirgen kyanwa. Dalili kuwa, bangon motar yana da wani sashe da ake turawa waje da maɓalli in an yada zango domin ɗaki ya ƙara faɗi, a janyo shi ciki in za a tashi. Kyanwa tana son shiga lungun da ke bayan wannan bango, in aka danna maɓalli tana ciki, sai dai a yi ta'aziyya. Saboda haka sai an ga biyun da ido, an sa kowacce cikin kejinta, an ɗaure kejin da bel a kujera. Shi ma karen yana da ɗamarar da ake maƙala wa bel. Kwanon yashin da kyanwoyin ke bahaya a ciki kuwa, a wurin wanka ake ajiye shi don kada ya kife a kwana. A aljihun gaban mota akwai takardun allurar haukan kare na dukansu uku, kuma kowannensu likitan dabbobi ya dasa masa wata 'yar ƙwaya mai lamba a ƙarƙashin fata, girmanta kamar ƙwayar shinkafa, wadda in dabba ta ɓace aka tsince ta, na'ura za ta karanta a gano mai ita.

Muka kama babbar hanya mai lamba 40 muka yi yamma. Wannan hanya ita ce ta maye gurbin tsohuwar hanyar nan mai lamba 66 da aka buɗe a 1926, aka soke ta daga jerin manyan hanyoyi a 1985, ko da yake garuruwa irin su Gallup da Winslow da sunanta suke cin abinci wurin 'yan yawon buɗe ido. Tafiyar da ƙaramar mota za ta gama a yini guda, mu kwana uku muka yi, kuma ba tsufan direba ne ya jawo ba. Kowane awa biyu sai an tsaya kare ya miƙe ƙafa ya sha ruwa. Inda za a kwana, sai sansanin da ya yarda da dabbobi. Har abin da za a kalla, su ne ke zaɓa. Na so ƙwarai mu ratse zuwa babban kwazazzabon nan na Grand Canyon, amma Baba ya ce can ba a barin kare ya gangara ƙasa da gaɓa, kuma galibin gandayen gwamnatin tarayya ba sa barin dabbar gida a hanyoyin ƙafa. Sai muka tsaya a gandun Petrified Forest, inda aka yarda da su muddin suna ɗaure da igiyar da ba ta wuce ƙafa shida ba. A nan na ga gungumen itatuwan da suka rikiɗe suka zama dutse tun shekaru fiye da miliyan 200, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, a zube kamar an gama faskare jiya.

A Flagstaff, mai tudun ƙafa kusan 7,000, ƙanƙara muka tarar har gwiwa. Washegari muka gangara kudu zuwa Phoenix, kafin azahar mun tuɓe rigunan sanyi. A nan muka tsaya cefane, sai na ga Iya ta shiga kanti ita kaɗai, sai da ta fito Baba ya shiga. Ashe ba sa barin dabbobin su kaɗai a mota rufe, ko da hunturu ne, domin mota in tana cikin rana, a minti goma zafin cikinta yakan ƙaru da wajen digiri 11. Baba ya ce shekara huɗu ke nan ba su zauna tare a gidan cin abinci ba.

Zangonmu na ƙarshe shi ne Quartzsite, wani ɗan gari a kan hanya mai lamba 10, kusa da iyakar Kalifoniya. Ƙidayar 2020 ta nuna mazaunansa ba su kai 2,500 ba, amma da hunturu dubun dubatar motocin-gida ke sauka a filin hamadar da ke kewaye da shi. Amurkawa suna kiran waɗannan mutane tsuntsayen ƙanƙara. Da a gida ne sai mu ce 'yan cin rani, sai dai su sanyi suke gudu. A filin La Posa na gwamnati, dala 180 aka biya a wannan shekarar domin zama daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu. A maƙabartar garin akwai kabari mai siffar dala da hoton raƙumi a bisa. Na Alhaji Ali ne, wanda Amurkawa suka karya sunansa zuwa Hi Jolly, wani mai kiwon raƙuma da rundunar sojan Amurka ta kawo daga ƙasashen daular Usmaniyya a 1856 domin gwada sufuri da raƙuma a hamada. Gwajin ya watse, shi kuwa ya zauna har ya rasu a garin a 1902.

Hamadar ba ta raga wa dabbar gida. Akwai wata ƙaya da suke kira choya, ƙarangiya ba ta kama ƙafarta ba, kulli guda take ɓallewa ta manne a jiki, ba a cire ta sai da matajin kai. Sau uku na ga Baba ya durƙusa yana taje ta daga dagin karen. Da dare kuma akwai kayoti, wani irin dila mai girma, wanda kyanwa a wurinsa kalaci ce.

Maƙwabciyarmu a sansanin wata gwauruwa ce mai shekara 68 a cikin 'yar ƙaramar motar kaya, da katifa da risho da tsohuwar karya makauniya. Da muka saba, ta gaya mini cewa bayan mijinta ya rasu kuɗin fanshonta ba ya isa haya sai a gidaje masu araha, masu gidajen kuwa duk sun ce ban da kare. Aka ce ta miƙa karyar gidan marayun dabbobi, inda ta san ba mai ɗaukar tsohuwar makauniya. Sai ta zaɓi mota. 'Ya'yanta biyu suna nan da rai, suna bugo waya ranar Kirsimeti. Da na ji haka na daina yi wa abin kallon sangarta irin ta masu kuɗi. Wasu lalle nishaɗi ne ya kawo su, motocinsu sun fi gidan wani gwamna kyau, amma irin wannan baiwar Allah ba kaɗan ba ne a filin nan.

A darenmu na biyu a can, ni ne na yi ɓarna. Na fita bayan magariba ban ja ƙofar raga ta kama sosai ba, da aka zo ƙirge sai kyanwa ɗaya. Baƙar ta fice. Na zabura zan bazama cikin daji da tocila, Baba ya riƙe ni, ya ce kyanwar da ta saba da ɗaki in ta tsorata ba ta nisa, ɓuya take yi a kusa ta yi tsit, in ka bi ta da gudu ne za ka kore ta zuwa inda ba ta san hanyar dawowa ba. Kare mutum yake bi, in ji shi, kyanwa kuwa wuri take riƙewa, ga shi wurin nata kullum cikin tafiya yake. Aka fito da kwanon yashinta da wata rigar Iya da ba a wanke ba, aka ajiye a bakin ƙofa. Maƙwabta suka zo da fitilu suka duba ƙarƙashin motocinsu. Wajen ƙarfe goma kayoti suka fara kuka daga gabas. Iya ta zauna a matakala da bargo har gari ya kusa wayewa, ba ta ce mini uffan ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da asuba na fito da buta zan yi alwala, karen ya biyo ni a kan igiyarsa. Maimakon ya nufi inda ya saba, sai ya ja ni zuwa tayar gaba ta hagu, ya kwanta yana wani ƙaramin kuka. Na haska, sai ga idanu biyu a saman tayar, cikin lungun da ke kusa da inji. Ashe tun jiya tana nan, taku biyar daga inda Iya ke zaune. Sai da aka buɗe gwangwanin kifi kafin ta yarda ta sauko, duk jikinta baƙin mai.

Da hantsi Baba ya ɗauko sukundireba ya ƙara wa ƙofar ragar sakata ta biyu, ya nuna mini yadda ake rufe ta, sau biyu, daidai yadda aka nuna wa karen zancen darduma. Ranar Asabar wani maƙwabci mai zuwa Phoenix sayen batir ya rage mini hanya zuwa filin jirgi. Su kuwa sun ce suna nan har ƙarshen Maris, in zafi ya fara sa kyanwoyin haki su ɗaga su yi arewa.