Teburin da Ba a Ci Abinci a Kansa Ba

Sana'ata ƙawata wuraren biki ce, kuma na ɗauka a wurin mahaifiyata na gaje ta, har ranar da wata tsohuwa ta nuna mini cewa rabin gadon kawai na ɗauko.

A unguwarmu, cikin birnin Kano, ba a kai amarya sai an aiko an tafi da Inna jere. Na sha bin ta ina yarinya, ina miƙa mata kwanukan samira da na tangaran tana ɗora su bisa juna, babba a ƙasa, ƙarami a sama. Akwai abu guda da take yi wanda a lokacin na ɗauka gajiya ce. Idan an kusa gamawa, sai ta zauna a bakin gado, daidai inda amarya za ta riƙa zama, ta yi shiru tana duban ɗakin. Daga nan sai ta tashi ta sauko da wani kwano, ko ta matsar da madubi, sannan ta ce an gama.

Aikinmu na yau ya sha bamban da nata. Ita ɗakin zama take shiryawa na shekaru, mu kuwa dare ɗaya muke ginawa, kafin asuba mu rushe. Bikin masu hannu da shuni yana tsayuwa ne a kan abu uku. Na farko jigo, wato labarin da ake son wurin ya bayar, wanda daga gare shi ake fitar da launi da haske da irin yadin da za a rataya. Na biyu tambari: haruffan farko na sunan ango da amarya, a sarƙa su wuri guda, a buga a katin gayyata da ƙofar shiga da dandalin rawa da jakar kyautar da baƙo zai tafi da ita. Na uku shi ne teburi, kuma nan ake gane gwani. Zagayayyen teburi mai faɗin inci 72 mutum 10 yake ɗauka. Cokula masu yatsu a hagu, wuƙaƙe a dama, ana fara amfani da na waje a shigo ciki, tsarin da ya kafu a Turai a ƙarni na 19 lokacin da aka koma kawo abinci kashi-kashi. Kujerun nan masu ruwan zinariya da ake gani a kowace liyafa, asalinsu garin Kiyabari ne a Italiya, inda wani kafinta ya ƙirƙiro su a 1807. Akwai kuma ƙa'idar da kowane ɗan koyo ya haddace: adon tsakiyar teburi ko dai ya tsaya ƙasa da inci 12, ko ya ɗaga sama da inci 24 a kan siririyar ƙafa, domin kada ya shiga tsakanin fuska da fuska.

Aiki mafi girma da na taɓa samu liyafar aure ce a Abuja, ta mutum 600. Uwar amarya ta ce jigon da take so shi ne tsohon birnin Kano, ni kuwa na ji kamar gida aka ce in koma. Na je marinar Ƙofar Mata na sa aka rina mini shimfiɗun teburi da baba. Na shiga kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, na sayo akusa da ƙore da fayafayai. Bangon da ke bayan kujerar ango da amarya na sa aka yi masa zane irin na gine-ginen gargajiya da ake gani a Gidan Makama. Tambarin kuwa dagi ne, da haruffan sunayensu a tsakiya, aka ɗinka shi da zaren zinariya a kan kowane adikon goge hannu. A cikin akusan na cusa fararen furanni 'yan ƙasar Kenya. Da uwar amarya ta zo dubawa, ta ce a ƙara musu tsawo domin su fito a hoto. Na san inda ƙa'ida ta tsaya, na san za su kai daidai idon wanda ke zaune, amma na ce to.

Daren ya zo, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga waya. Ina zagayawa ina karɓar yabo, sai na iso teburi na 17, inda aka zaunar da kakar amarya da tsofaffin da suka rako ta. An kawo musu tuwon shinkafa da miyar taushe, amma babu wadda ta taɓa. Tsohuwar ta yafito ni, na durƙusa kusa da ita.

"'Yar nan, ke ce mai wurin nan?"

"Ni na shirya shi, Hajiya."

"Ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Wannan akushin fa?"

"Na ado ne, Hajiya."

"Mu abinci muke zuba wa maigida a ciki." Ta yi murmushi, ta leƙa ta gefen furannin. "Ƙanwata tana can bayan ciyawar nan. Tun da muka zauna muryarta kawai nake ji."

Na tambaye ta abin da ya hana su cin abinci. Ta ce ba su ga ruwan wanke hannu ba. Sannan ta ɗaga adikon, ta ce an gaya mata sunan jikarta ne a jiki. "Yaya zan goge miya da sunan yarinyar nan?"

Ban sami amsa ba. Na tattaro kayan gidan tsohuwar nan kaf, akushinta da ƙwaryarta da faifanta, na jera mata su a gaba, amma na kwashe musu amfaninsu. Na gina mata Kano wadda ba za ta iya cin tuwo a cikinta ba.

A lokacin mai ɗaukar hoto bai ɗauki faɗin ɗakin daga sama ba, kuma rabin kuɗin aikina yana hannun uwar amarya. Na san duka biyun. Na kira yarana biyu muka sauke akushin furannin, muka kwashe cokulan da wuƙaƙen, na aika kicin aka kawo buta da tasa da fararen tawul marasa rubutu. Ni da kaina na zuba musu ruwa. Kafin in bar wurin, hira ta kaure a teburin, suna ci suna yi wa juna tsiya irin ta tsofaffi.

Washegari uwar amarya ta kira ni, ta ce teburi na 17 ya fito a hoto kamar giɓi a baki. Gaskiya ta faɗa, na ga hoton. Ta rage wani abu daga kuɗina, kuma ba ta sake nemana ba. Ban riƙe ta a rai ba, domin abin da ta saya ke nan, ni ce na karya alkawari.

Ban bar sana'ar ba, ban kuma raina ta ba. Kafintoci da masu walda da teloli da marina da yawa suna ci daga biki guda, kuma son kyau ba laifi ba ne. Abin da ya sauya shi ne tambayar da nake fara yi wa masu biki. A da launin da suke so nake tambaya. Yanzu ina fara tambayar su wa za su zauna, da me za su ci, da hannu ko da cokali. Ba na ƙara sa sunan mutum a kan abin da za a taka ko a goge hannu da shi, ko da an nace. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ni kuwa na shekara goma ina shimfiɗa tabarmar da ke rufe fuska.

Yanzu idan an gama shiri, kafin a buɗe ƙofa, nakan zaɓi teburin da ya fi nisa da kujerar amarya, in ja kujera in zauna, in sa ɗaya daga yarana ya zauna a ɗaya ɓangaren. Idan ina ganin idonsa, idan hannuna ya kai ga ruwa ba tare da na ture wani abu ba, sai in ce an gama. Yaran suna ɗauka gajiya ce take zaunar da ni.