Tafkin Malawi, gidan dangin karfasa

A gaɓar Cape Maclear, kudancin Tafkin Malawi, ruwa garau yake har kana hango ƙasansa. Da muka leƙa tsakanin duwatsu, sai ga ƙananan kifaye shuɗɗa da rawaya, wasu da zane irin na jakin dawa. Sunansu mbuna, dangin karfasarmu. Akwai ɗaruruwan irinsu da ba a samu ko'ina sai nan, shi ya sa UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren gadon duniya a 1984.

Abin da ya fi burge mu, uwa kan riƙe ƙwai a bakinta kusan mako uku, da ƙyar take cin abinci.

Mai son zuba su a babban akwatin gilashi sai ya kwaikwayi gidansu: ruwa mai ɗumi, duwatsu masu koguna, mata su fi maza yawa, domin namiji ba ya yarda wani ya raɓi raminsa.

A tafkin kuwa, zaizayar ƙasa na turo laka tana rufe gansakukar da suke ci. Irin da ya ƙare a nan, ba wani tafkin da za a je a ɗebo shi.